Tambaya da Amsa: Contax G1 ko G2, wacce ta fi iya saita hoto da kanta?

Galibin wasiƙun da suka taru a wannan karon a kan kyamarori biyu ne 'yan gida ɗaya, Contax G1 da Contax G2, waɗanda kamfanin Kyocera na Japan ya ƙera, masu aiki da gilasan Carl Zeiss. Masu komawa ɗaukar hoto da fim suna yawan cin karo da su a hannun masu sayar da tsofaffin kyamarori. Mun zaɓi wasiƙu bakwai, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani mai sayar da kyamarori na hannu ya nuna mini G1 da G2, kowacce da gilashin Planar 45mm. Kuɗin da ya sa wa G2 ya ninka na G1, ya ce wai saitin atomatik na G1 ba abin dogaro ba ne. Da gaske bambancin ya kai haka, ko dai bakin ciniki ne? *Mai karatu daga Kano*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Bambancin yana nan da gaske, amma ba a kowane hali yake bayyana ba, kuma cewa G1 ba abin dogaro ba ce zuzutawa ce. Sai ka san yadda kowacce take auna nisa kafin ka gane inda kuɗinka zai tafi.

A kyamarorin nan biyu ba ta cikin gilashin ɗaukar hoto kake leƙawa ba, tagar leƙe daban take a gefe. Sun kuma bambanta da irin su Leica M6, inda mutum yake ganin hoto biyu a tsakiyar taga ya murɗa zoben gilashi har su haɗe. A nan babu hoto biyu, gilasan ma ba su da zoben saitin nisa, in ban da Hologon 16mm wanda da hannu kaɗai ake saita shi. Akwai 'yan ƙananan tagogi a goshin kyamarar, su ke auna nisa. Lantarkin ciki ya lissafa, sai ɗan inji da ke jikin kyamarar ya juya wani siririn ƙarfe mai kai irin na sukundireba, wanda ya shiga gindin gilashin, ya tura shi gaba gwargwadon lissafin. Abin lura shi ne kyamarar ba ta ganin abin da ya sauka a kan fim. Aunawa take yi daga gefe ta yarda da awonta. Duk wani abu da zai ɓata awon zai ɓata hoton, ita kuma ba za ta sani ba.

G1, wadda ta fito a 1994, hanya ɗaya take da ita. Tana kallon abin da ka auna ta tagogi biyu masu 'yar tazara a tsakani, ta kwatanta hotunan biyu ta ga iyakar yadda suka goce wa juna. Miƙa yatsa gabanka ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan ya yi tsalle, kuma iya kusancinsa iya girman tsallen. Da wannan tsallen take gane nisa. Don haka tana bukatar abu biyu: isasshen haske, da wani layi ko baki da za ta kama, wurin da duhu ya haɗu da haske. In ka auna ta a farin bango sumul, hotunan biyu iri ɗaya za su zama, babu abin kwatantawa. In wuri ya yi duhu tana kunna ɗan jan haske don ta taimaki kanta, amma ba ya zuwa da nisa.

G2 ta zo a 1996 da waccan hanyar, aka ƙara mata ta biyu. Tana harba hasken infirared wanda ido ba ya gani, hasken ya bugi abin ya dawo ta wata taga, daga kusurwar da ya dawo ta gane nisa. Wannan bai damu da duhu ba, bai kuma damu da ko akwai layi a jikin abin ba. Rauninsa shi ne gajeren zango: bayan 'yan mitoci ƙarfinsa ya ƙare, baƙin yadi yana shanye shi, gilashin taga yana iya mayar da shi tun bai kai inda ake so ba. Hikimar G2 ita ce haɗa su, hasken ya ba da kimanin nisan da sauri, idanun biyu su tace shi. An kuma ƙara wa injin da ke tura gilashin sauri.

To, a aikace fa? Da rana a waje, mutum yana tsaye, da gilashin 28mm ko 45mm, in duka biyun suna da lafiya da wuya ka ware hoton G1 daga na G2. G2 za ta riga kamawa, shi ke nan. A cikin ɗaki, da magariba, ko a kan abu marar layi, nan G2 take yi wa yayarta nisa: ta kama inda G1 take ta ƙyafta alama ta ƙi ɗauka. Akwai kuma sauƙin sarrafawa. A G2 an ware maɓallin zaɓen saiti a baya, daidai babban yatsa, mai matsayi uku, SAF na kamawa sau ɗaya, CAF na bin abu mai motsi, MF na hannu, da madannin riƙe saiti a tsakiyarsa. A G1 abin a ɗaure yake da yadda fim ke tafiya: in kana ɗaukar ɗai-ɗai ta kama ta riƙe, in ka koma ɗaukar jere ta riƙa bi, ba ka da zaɓin gauraya su.

Shawararmu: in aikinka hoton titi ne, gine-gine da iyali da rana, sayi G1 ka zuba ragowar kuɗin a fim ko gilashi na biyu. Ta ma fi sauƙin ɗauka, gram 460 ce, G2 kuwa 560. In za ka riƙa aiki cikin gida, ko kana da niyyar sayen dogon gilashin nan Sonnar 90mm, G2 ta cancanci kuɗinta.

Tambaya: Ina ɗaukar hoton ɗaurin aure da walima da G1. Sau da yawa, musamman a zaure ko bayan la'asar, in na danna sai ta ƙi ɗauka sam, alamar ciki tana ta ƙyaftawa, har mutane su gaji da tsayuwa. Ta lalace ne? *Mai ɗaukar hoto, Damagaram*

Amsa: Malam, da alama lafiyarta ƙalau. Haka aka tsara ta: a yanayin ɗaukar ɗai-ɗai, in ba ta samu nisa ba ba za ta saki marufin haske ba. Wurin ɗaurin aure kuwa ya tara duk abin da ke wahalar da ita, farar shadda mai faɗi, haske kaɗan, mutane a jere cikin inuwa.

Ka daina ɗora 'yar alamar da ke tsakiyar tagar leƙe a kan ƙirjin riga. Nemi wurin da akwai baki: aikin wuyan babbar riga, gefen hula inda ta rabu da bango, bakin rawani, firam ɗin tabarau. Ka danna madannin ɗauka rabi, ka riƙe, ka gyara tsarin hoton, sannan ka ƙarasa dannawa.

Abu na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, tagogin awon a jere suke hagu da dama, saboda haka layin da ke tsaye suke gani, na kwance kuwa kusan ba sa ganinsa. Dalilin a fili yake: in ka gusar da layin kwance zuwa gefe, yana nan yadda yake, babu gocewar da za a auna. In abin da ke gabanka layukan kwance ne kawai, kamar matakala ko bakin tebur, karkata kyamarar kaɗan, ko ka tsayar da ita a tsaye, ka kama nisan, ka mayar da ita daidai ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Haka nan in kana ɗaukar hoton tsaye, lissafin ya juye, layin kwance ne zai yi maka amfani.

Na uku, guji zane mai maimaita kansa daidai wa daida, irin ƙarafan taga, ko saƙi mai ratsi-ratsi iri ɗaya. Wannan ya fi farin bango haɗari, domin a farin bango ƙi take yi ka sani, a nan kuwa tana iya haɗa ratsi na farko da na biyu ta ba ka nisan ƙarya da cikakkiyar amincewa. Maganinsa duba ma'aunin nisa da ke ƙasan tagar leƙe kafin ka ƙarasa dannawa. In ango yana mita 3 amma ma'aunin ya tafi can ƙarshe, saki ka sake.

Ka kuma lura da yatsunka. Jikin G1 ƙarami ne, yatsan tsakiya ko igiyar rataya suna iya rufe taga ɗaya, kai kuma ba za ka gani a tagar leƙe ba.

In duhun ya yi yawa, koma saitin hannu: murɗa maɓallin sama zuwa mita 3, sa ƙofar haske a f/8 (iya girman lambar f iya ƙanƙantar ƙofar, iya kuma faɗin wurin da ke fita garau), ɗora filasha TLA 140 ko TLA 200. Da gilashin 45mm, duk wanda ke tsakanin kimanin mita 2.2 da 4.6 zai fita garau. Sai dai maɓallin nan yana saurin gocewa in ya bar matsayin atomatik, ka riƙa kai ido gare shi. A irin wannan aikin na zaure kam G2 za ta rage maka wahala ƙwarai, domin mutanen suna cikin zangon hasken infirared ɗinta.

Tambaya: Ina amfani da Sonnar 90mm a kan G1 don hoton fuska. In an wanke fim sai in ga kunne ko ɗankwali ya fita tar, ido kuwa dishi-dishi. Wasu sun ce in koma G2 matsalar ta ƙare. Haka ne? *Wata mai karatu daga Zariya*

Amsa: Malama, G2 za ta rage yawan kuskuren, domin awonta ya fi tsayawa wuri ɗaya da wannan gilashin, amma ba za ta kawar da shi ba. Sonnar 90mm shi ne gilashin da ya fi tona asirin kyamarorin nan biyu, kuma lissafi ne ya jawo haka.

Duba zurfin wurin da ke fita garau a fim mai faɗin 35mm. Da 90mm a f/2.8, in mutum yana mita 1, wato iyakar kusancin da gilashin ke yarda, zurfin bai wuce santimita 2 ba gaba da baya a haɗe. A mita 1.5 kimanin santimita 4 ne, a mita 2 kimanin 8. Daga ido zuwa kunne ya fi haka. Kwatanta da Planar 45mm a f/2, wanda ke ba da kusan santimita 6 a mita 1, da fiye da 20 a mita 2, ko Biogon 28mm a f/2.8 wanda a mita 2 yake ba da kusan santimita 90. Tagogin awon ɗaya ne ko wane gilashi aka ɗaura. Kuskuren santimita 3 da ba wanda zai lura da shi a 28mm, a 90mm ya kashe hoton.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa su ba ki abin da kike gani.

Na farko, wurin da kyamarar ke aunawa ba ya ƙanƙancewa don kin ɗaura dogon gilashi, kuma a kusa ba lallai ya zauna daidai cikin alamar tsakiya ba, tunda tagar leƙe, tagogin awo da gilashin kowanne daga wurinsa yake kallo. Kina ganin kin ɗora alamar a ido, ita kuma ta kama bakin ɗankwali saboda ya fi ido layi mai ƙarfi. Ki gano ainihin inda taki take kallo, ba sai da fim ba. Kafa sanda siririya a tsaye, mita 1.5 daga gare ki, bayanta fili mai nisa. Fara aunawa daga hagun sandar, kina dannawa rabi kina saki, kina gusawa dama kaɗan-kaɗan, idonki a kan ma'aunin nisa. Lura da inda sandar take a cikin taga lokacin da awon ya faɗo daga nesa zuwa kusa, da inda ya koma nesa. Tsakanin wuraren nan biyu shi ne idon kyamararki na gaskiya. Maimaita a mita 1 da mita 3, ki kwantar da sandar ki gwada sama da ƙasa da kyamarar a tsaye. Wannan gwaji na minti goma ya fi sauya kyamara amfani.

Na biyu, kamawa sannan a juya. In kin kama ido a tsakiya kika karkata kyamarar don fuskar ta koma gefen hoto, shimfiɗar saitin takan koma bayan idon. A mita 1 da 90mm, kai fuskar kusa da bakin hoto yana jawo gocewar da ta haura santimita 1, wanda ya riga ya cinye rabon da kike da shi. Da 45mm gocewar tana kaiwa santimita 5 saboda kusurwar ta fi faɗi. Shi ya sa kunne ke fita. Ki rage juyawar, ko ki ja jikinki baya ɗan kaɗan bayan kin juya.

Na uku, numfashi. Ke da wadda kike ɗauka duk kuna ɗan rangaji tsakanin kamawa da ɗauka. Kada ki daɗe riƙe da rabin danni. In kin wuce daƙiƙa biyu, saki ki sake kamawa.

Mafita mafi sauƙi ita ce ki ja baya zuwa mita 2 ki rufe ƙofar haske zuwa f/5.6. Zurfin ya zama kimanin santimita 16, fuska duka ta shiga, bayan kuma har yanzu a narke yake yadda ake so a hoton fuska. Fim mai ISO 400, wato mai saurin kama haske, zai ba ki damar yin haka a inuwa. Muna ganin f/2.8 a mita 1 caca ce ko da G2, sai in kyamarar tana kan ƙafa kuma mutumin yana zaune.

Tambaya: Mene ne zancen "koren tambari" da ake yi a kan G1? Yana ƙara saurin saiti ne? *Ɗalibi, Sakkwato*

Amsa: Ba don sauri aka yi shi ba. Lokacin da Biogon 21mm da Planar 35mm suka fito tare da G2, G1 ta asali ba ta san lissafinsu ba, sai an sabunta mata lantarki. Wadda aka sabunta ana liƙa mata koriyar takarda a ramin da ake sa gwangwanin fim, ta asali kuwa takardarta ruwan azurfa ce. Buɗe bayan ka duba. Tunda takarda abar liƙawa ce, in da hali ɗaura 35mm ka tabbatar tana aiki da shi. Gilashin Vario-Sonnar 35-70mm mai zuƙowa kuwa G2 kaɗai yake bi, ko da tambarin G1 kore ne.

Tambaya: Ina so in ɗauki hawan sallah da fim bana. G2 gare ni da 45mm da 90mm. In sa ta a CAF za ta iya bin doki mai sukuwa? *Mai karatu daga Katsina*

Amsa: Alhaji, kada ka dogara da ita a kan dokin da ya nufo ka a guje. G2 tana ɗaukar hoto har 4 a daƙiƙa, G1 kuwa 2, kuma CAF ɗinta yana iya bin mai tafiya a ƙasa ko ayarin da ke takawa a hankali. Amma wurin awonta ɗaya ne tak a tsakiya, da dokin ya goce daga alamar ta koma kan taron da ke baya. Ga kuma wata ɗabi'a da su biyun suke da ita: da ka ɗaga yatsa, gilashin ya koma mazauninsa, in ka sake dannawa sai ya sake tafiyar daga farko. Mutum mai tafiyar ƙafa ma yana cin fiye da mita 1 a daƙiƙa, wato fiye da santimita 10 a kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, balle doki. Ƙura kuma tana rage wa idanun awon abin kamawa, hasken infirared ɗin ba ya kaiwa nisan da mahayan suke.

Abin da ke aiki shi ne ka riga dokin zuwa wurin. Ɗaura 45mm, koma MF, saita mita 5, ƙofar haske f/8. Daga kimanin mita 3.2 har zuwa 12 komai zai fita. Da fim mai ISO 400 a rana tsaka za ka samu saurin marufin haske da ya kai 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, wanda ya isa ya tsayar da ƙafar doki. Zaɓi wata alama a ƙasa, ka danna rabi tun kafin su iso don gilashin ya riga ya fita ya tsaya, in sun taka alamar ka ƙarasa. Ko a saitin hannu injin ne ke tura gilashin, shi ya sa rabin dannin nan yake da muhimmanci.

Ajiye 90mm don lokacin da mahaya suka ja linzami suka tsaya yin jinjina, ko sarki yana tafe a hankali ƙarƙashin laima. A nan SAF ya isa, kayan doki da alkyabba cike suke da layukan da kyamarar ke so.

Wani abu da ya shafi rana irin tamu: da fim mai ISO 100 a tsakar rana, f/16 yana tafiya da 1/125, wato f/4 yana bukatar 1/2000, f/2.8 kuma 1/4000. G1 a 1/2000 ta tsaya, don haka rana da kanta take tilasta mata f/4 ko ƙofar da ta fi ta ƙanƙanta, abin da ke rufe ƙananan kurakuran saiti. G2 tana kaiwa 1/4000 da hannu, 1/6000 in ita ke zaɓar sauri, sai ta ba ka damar buɗe gilashi sosai, kuskure kuma ya samu wurin fitowa. Wasu da suka koma G2 suka ga hotunansu na rana ba su fi na da kyau ba, wannan yana cikin dalilan.

Tambaya: Tun da hunturu ya shigo G1 ɗina take ta kai-komo in na auna ta a duwatsu ko gari daga nesa. *Mai karatu daga Maraɗi*

Amsa: Hazo ne, Malam. Yana shafe bambancin duhu da haske a abu mai nisa, idanun awon su rasa abin kamawa, G2 ma haka za ta yi tunda haskenta ba ya kai can. Abu mai nisa ba ya bukatar awo: murɗa maɓallin hannu zuwa alamar nesa ta ƙarshe ka ɗauka. Sannan ka duba tagogin goshin, ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna yi musu yana. Fara hure su da 'yar robar hura iska, sannan ka shafa da tattausan ƙyallen tabarau. In ka goge kafin ka hure, ƙurar za ta karce su. Batiran CR2 guda biyu take ci, in sun yi rauni injin yana nauyi, ka sauya su tare.

Tambaya: Ta yaya zan gane ko laifin hannuna ne ko kyamarar ce saitinta ya goce? Ina da damar gwada G1 da G2 na kwana biyu kafin in biya. *Mai karatu daga Kumasi*

Amsa: Wannan dama ce babba, Malam, kada ka ɓata ta da ɗaukar furanni. Kyamarorin nan sun kusa ko sun haura shekara 30, Kyocera kuma ta bar ƙera kyamara tun 2005, saboda haka lafiyar wadda ke hannunka ta fi sunan samfurinta muhimmanci. G1 mai daidaitaccen awo ta fi G2 da ta taɓa faɗuwa.

Fara da gwajin da ba ya cin fim. Liƙa shafin jarida a bango mai haske, ɗora kyamarar a kan ƙafa uku tana fuskantarsa sak. Da tef ɗin awo, auna daga wajen murfin baya, inda fim yake kwanciya, zuwa bangon: mita 1, 2, 3, 5. A kowane nisa danna rabi sau biyar, kana saki tsakani, kana karanta nisan da ta nuna. Abu biyu kake nema, ko awon ya yi daidai da tef, da ko yana tsayawa wuri ɗaya. Wanda ke tsalle tsakanin danni da danni a kan jarida mai haske alama ce ta datti a tagogi ko matsala a ciki. Sannan ka auna ta a dogon gini ko hasumiya mai nisa sosai, ta nuna nesa ta ƙarshe. Maimaita duka da magariba, a nan za ka ga bambancin G1 da G2 da idonka. Saurari injin kuma: ƙara ya zama ɗabi'arsu, G1 ma ta fi, amma gurnani, tsayawa a tsakiya ko kakkarwa ba ɗabi'a ba ne. Duba allunan rubutu, domin tsofaffinsu sukan yi baƙin tabo da ke cin lambobi, in kuwa ba ka iya karanta nisa ka rasa hanya ɗaya tilo ta sa wa kyamarar ido.

Awo daidai bai tabbatar da cewa gilashin ya je inda aka aike shi ba, don haka sai an ƙona fim. Sayi guda biyu iri ɗaya masu ISO 100, hoto 36 kowanne, ɗaya ga kowace kyamara, ka yi amfani da gilashi ɗaya a kan duka biyun. Tsayar da kwali mai faɗi kamar tafin hannu biyu, ka zana masa baƙaƙen layuka a tsaye masu tazara daban-daban. A gefensa, can wajen alamar tsakiya, jingina rula a karkace ta yadda tsakiyarta ta yi daidai da fuskar kwalin, rabinta na gaba rabinta na baya. Kada ka auna rular kanta, kyamarar za ta kama duk inda ta ga dama a jikinta. Buɗe gilashi iyakarsa, yi amfani da agogon ɗauka da kai don kada hannu ya girgiza ta, ka ɗauki uku-uku a mita 1, 1.5, 2 da 3. Rubuta nisan da sunan kyamarar a 'yar takarda ka sa cikin hoton, in ba haka ba za su rikice maka. Shafa ƙarafan haɗin lantarki na gindin gilashin da busasshen ƙyalle kafin ka fara.

In an wanke, duba fim ɗin kansa a kan haske da madubin ƙara girma mai ninki 8 ko 10. Ƙaramin hoton da aka buga ko wanda aka sauke a kwamfuta yana iya ɓoye kuskure ko ya ƙirƙiro wanda babu. In duka ukun sun fita garau a lambar rula ɗaya amma gaba ko bayan kwalin, awon ya goce, aikin mai gyara ne. In da gilashi ɗaya kawai hakan ke faruwa, gilashin ne ko mahaɗinsa. In ukun sun warwatsu, ɗaya gaba ɗaya baya, akwai sassauci a injin ko a ƙarfen da ke juya gilashin, wannan kuwa ya fi wuyar gyara tunda kayan canji sai daga jikin wata matacciyar kyamara, irin wannan ka mayar wa mai ita. In babu inda ya fita garau ko'ina a hoton, girgiza ce, ka sake gwajin. In kuwa kwalin ya fita tar a duka, kyamarar ba ta da laifi, sai ka koma kan gwajin sanda da muka bayyana wa mai tambaya daga Zariya, ka yi shi da kowane gilashi da za ka saya.